Tagar manhajata tana sandarewa lokacin da take duba kwamfutoci, yaya zan sa ta riƙa sabunta kanta?

Nasiru_Gwale:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Taimako nake nema. Kawuna yana da cibiyar koyar da kwamfuta, injuna 24 ne a ɗakin, duk an haɗa su da waya. Kullum da safe sai an bi su ɗaya bayan ɗaya ana duba wadda ke kan netwok da wadda wayarta ta zare. Shi ne na zauna na rubuta 'yar ƙaramar manhaja da yaren Python da Tkinter, kayansa na gina taga: taga ɗaya mai akwatuna 24, akwati ya yi kore idan kwamfuta ta amsa ping, wato ɗan saƙon gwaji da ake aika mata ta netwok, ya yi ja idan ba ta amsa ba.

Da farko na sa `while True` a cikin maɓallin farawa, yana bin adireshin kowace, sannan ya huta da `time.sleep(10)`. Ina danna maɓallin sai taga ta sandare, ta yi fari-fari, Windows ya rubuta Not Responding a samanta. Ko akwati ɗaya bai canza launi ba.

Daga nan na ɗauko `threading` na buɗe zare na biyu, wato wani aiki da ke tafiya gefe da gefe da babban aikin manhajar, na mayar da binciken can, yana canza launin akwatunan daga inda yake. Ya yi aiki na yi ta murna. Amma wani lokaci da na buɗe manhajar, ko kuma ina rufe ta, sai in ga wannan: `RuntimeError: main thread is not in main loop`. Jiya ma gaba ɗaya ta maƙale a gaban kawu. Don Allah mece ce hanyar da ta dace?

Garba_Kod:
Wa alaikumus salam. Koma kan na farkon, ka ƙara `taga.update()` a cikin zagayen bayan kowane ping. Za ka ga launi yana canzawa, ba sai ka wahalar da kanka da zare ba.

Ummi_Py:
Malam Garba, a gafarce ni, amma wannan zai ƙara jefa shi cikin matsala. Gaskiya ne launin zai bayyana, sai dai duk lokacin da ping yake jiran amsa, da kuma daƙiƙa 10 na barcin nan, tagar a sandare take. Sannan a ɗan lokacin da `update` ke aiki, idan wani ya sake danna maɓallin farawa, zagaye na biyu zai tashi a cikin na farko. Idan kuma aka rufe tagar zagayen bai sani ba, zai kira `update` a kan abin da babu shi, ka samu saƙon application has been destroyed.

Nasiru, bari in fara da dalilin sandarewar. Layin ƙarshe na manhajarka, `mainloop`, shi kansa zagaye ne da ba ya ƙarewa. Aikinsa ya karɓi saƙonni: an danna nan, an ja taga, a sake zana wancan akwatin. Idan ka danna maɓalli, shi ne yake kiran aikin da ka rubuta, kuma ba zai karɓi saƙo na gaba ba sai aikin naka ya dawo. Kai kuwa ka ba shi aikin da ba ya dawowa. Umarnin canza launi ya isa, amma wanda zai zana shi yana tsare a hannunka. Windows kuma idan ya ga taga ta yi daƙiƙa 5 ba ta karɓi saƙonninta ba, sai ya ɗauka ta mutu.

Ka ɗauki mai shayi shi kaɗai a teburinsa. Burodi ya ƙare. Idan ya tafi gidan burodi da kansa, masu shan shayi za su yi ta sallama babu mai amsawa. Sai ya aiki yaro. Amma yaron idan ya dawo ba ya ɗaukar buta ya fara zuba wa mutane, ajiye burodin yake a gefen tebur, mai shayi ya ɗauka idan hannunsa ya samu sarari. Kai ka aiki yaron, wannan daidai ne. Kuskuren shi ne ka bar shi yana taɓa butar.

Nasiru_Gwale:
Na gane misalin sosai Anti Ummi. To ina ne gefen teburin a cikin Python?

Ummi_Py:
`queue.Queue`. Layi ne da aka gina shi musamman don zaruruwa su miƙa wa juna kaya ba tare da karo ba. Zaren bincike ya zuba sakamako a ciki, ba ruwansa da taga ko kaɗan. Ita kuma taga ta riƙa leƙa layin da `after`, wanda yake cewa `mainloop` ya kira wani aiki bayan ɗan lokaci ba tare da ya tsayar da komai ba. Ga ƙashin bayansa:

```
layi = queue.Queue()
tsaya = threading.Event()

def mai_dubawa():
    while not tsaya.is_set():
        for suna, adireshi in injuna:
            layi.put((suna, tana_amsawa(adireshi)))
        tsaya.wait(10)

def kwashe_layi():
    try:
        while True:
            suna, lafiya = layi.get_nowait()
            akwati[suna].config(bg="green" if lafiya else "red")
    except queue.Empty:
        pass
    taga.after(200, kwashe_layi)
```

Ka tada `mai_dubawa` a zarensa, ka kira `kwashe_layi` sau ɗaya kafin `mainloop`. Lura da abu biyu. Ka kwashe duk abin da ke layin a kowane zuwa, kada ka ɗauki ɗaya ka tafi, in ba haka ba wata rana mai zubawa zai fi mai kwashewa sauri, allo ya riƙa nuna maka labarin minti biyar da suka wuce. Kuma `get_nowait` za ka yi amfani da shi, domin `get` zalla yana tsayawa jira idan layin babu komai, ka koma gidan jiya.

Garba_Kod:
Na karɓi gyara a kan `update`. Amma ni fa ina da manhajar da zare na biyu yake rubuta wa allo kai tsaye, shekara guda ke nan tana aiki ban taɓa ganin kuskure ba. Ashe ba a cika tsananta maganar nan ba?

Tsohon_Injiniya:
Garba, ba ƙarya ka yi ba, kuma akwai dalilin da ya sa taka take aiki. Tkinter riga ce kawai da Python ya sa wa Tcl da Tk, waɗanda John Ousterhout ya ƙirƙira, Tk ɗin tun 1991. Tcl 8.6 an gina shi da sanin zaruruwa. Idan wani zare ya kira umarnin taga, Tkinter ba ya aiwatar da shi a nan take, yana tura shi ne zuwa babban zare, ya tsayar da mai kiran har sai an gama. To muddin `mainloop` yana juyawa, abin zai wuce lafiya. Idan bai fara juyawa ba, ko ya riga ya tsaya, mai kiran zai jira kamar daƙiƙa ɗaya sannan ya jefo wannan kuskuren da Nasiru ya gani. Ka duba ka gani, ya ce da buɗewa da rufewa yake ganinsa. Daidai wuraren ke nan.

Maƙalewar da ta faru a gaban kawunsa kuwa, ina zargin ya sa `join` a wurin rufe taga. Babban zare ya tsaya yana jiran zaren bincike ya gama, shi kuma zaren bincike ya tsaya yana jiran babban zare ya canza masa launi. Kowa yana jiran kowa har abada. Nasiru, haka ne?

Nasiru_Gwale:
Wallahi Baba haka ne. Na sa `join` saboda na ga manhajar tana ci gaba da aiki a ɓoye bayan na rufe taga.

Tsohon_Injiniya:
To ka gani. Da tsarin da Ummi ta ba ka wannan ba zai faru ba, domin zuba abu a layi ba ya jiran taga. Ka kama rufewar da `taga.protocol("WM_DELETE_WINDOW", ...)`, ka ɗaga tutar `tsaya`, sannan ka rushe taga. Hikimar `tsaya.wait(10)` a maimakon `sleep` ita ce ana ɗaga tutar zaren zai farka nan take, ba sai ya cika daƙiƙa goman ba.

Sadiya_Android:
Mu a Android ba a ma bar wa mutum zaɓi ba. Ka taɓa allo daga wani zare, manhaja ta faɗi da saƙon cewa zaren da ya gina allon shi kaɗai ke da ikon taɓa shi. Ka kira intanet a babban zare, tun Android 3.0 na 2011 ake jefo maka NetworkOnMainThreadException. Ka tsare babban zare daƙiƙa 5 mutum yana taɓa allo, waya ta tambaye shi ko ya rufe manhajar. Da ina jin haushin wannan tsanani, yanzu kuwa ina gode masa, don shi ya koya min. Tkinter yana yi wa mutum kawaici, shi ya sa ake daɗewa ba a gane ba.

Yakubu_Jos:
Haka yake a yaren C# da WinForms, kayansa na gina taga. Cross-thread operation not valid. Magani shi ne `Invoke` ko `BeginInvoke`, daga baya kuma `async` da `await` suka zo a 2012 suka sauƙaƙa. Akwai wani saiti da ke kashe gargaɗin, na taɓa gadon manhajar wani ofis da wanda ya rubuta ta ya kashe shi. Ta kan yi mako lafiya, sai rana ɗaya jerin sunaye ya hargitse ko ta rufe kanta babu dalili. Na yi kwanaki ina nema kafin na ga layi ɗayan nan. Garba, abin da nake tsoro da "tana aiki shekara guda" ke nan.

Garba_Kod:
Na ji ku. Amma ku yarda tawa ba irin ta Yakubu ba ce, tunda Baba ya ce Tkinter yana tura kiran da kansa. Zan dai duba wurin rufewa.

Nasiru_Gwale:
Na gwada na Anti Ummi, sai ya ba ni RecursionError, taga ma ba ta buɗe ba.

Ummi_Py:
Duba layin `after`. Na tabbata ka sa baka biyu, wato `()`, a bayan sunan `kwashe_layi`. Idan ka sa su, kiran aikin kake yi nan take, shi kuma ya sake kiran kansa, har Python ya gaji. Sunan kawai za ka miƙa.

Nasiru_Gwale:
Shi ne kuwa. Na cire, yanzu taga tana motsi, ina jan ta ina rage ta, launuka suna canzawa. Allah ya saka da alheri.

Malam_Habu:
Ku ba ni dama in ɗan kauce. Wannan kalma ta "zare" da kuke ta faɗa, ni ba ta kwanta min ba. Wanda bai san Turancin ba, me zai fahimta da zare? Ɗinki zai tuna. Misalin Ummi ya fi kusa da ma'ana, me zai hana mu ce ɗan aike? Babban zare kuma mu ce maigida.

Ummi_Py:
Malam, ɗan aike ya dace da wannan aikin, amma ba kowane zare ne ɗan aike ba. Wani lokaci guda huɗu ne suke raba aiki ɗaya daidai wa daida, babu mai aiken wani. Ni zare ya yi min, saboda masaƙa: zaruruwa da yawa suna tafiya gefe da gefe, tufa ɗaya ake saƙawa.

Malam_Habu:
Bayanin masaƙa ya yi ma'ana. Duk da haka idan ina koyar da yara a aji, da ɗan aike zan fara, sun fi saurin kamawa.

Issoufou_Zinder:
Sannunku. Ni ina ganin ma ba dole sai da zare ba a aikin Nasiru. Ping ai wata manhaja ce daban da ake tadawa. Idan ka tada ta da `subprocess.Popen`, ba ya jiran ta gama, yana dawowa nan take. Sai ka ajiye su 24 ɗin a jeri, a cikin `after` ka riƙa tambayar kowace da `poll` ko ta gama. Wadda ta gama ka karanta amsarta ka canza launi. Babu zare, babu layi, babu tuta, kuma duka 24 suna tafiya lokaci guda. Na yi haka a wani aiki kuma hankalina ya fi kwanciya.

Tsohon_Injiniya:
Hanya ce mai kyau Issoufou, kuma ga ping tana da tsabta ƙwarai. Inda take gazawa shi ne ranar da Nasiru zai so ya duba abin da ba manhaja ce daban ba, kamar buɗe shafin intanet ko karanta wata na'ura ta waya. A nan dole ya dawo kan zare. Gara ya iya duka biyun.

Bello_Data:
Tambaya: ba an ce zaruruwan Python ba sa aiki lokaci guda ba saboda GIL, makullin nan da ke cikin Python? To mene ne amfanin zaren? Ba `multiprocessing` ya kamata ba, wato a raba aikin ga manhajojin Python daban-daban?

Ummi_Py:
GIL yana hana zare biyu sarrafa umarnin Python a lokaci ɗaya, gaskiya ne. Amma zaren da yake jiran netwok, ko jiran wata manhaja, ko barci, yana sakin makullin. Aikin Nasiru kusan duka jira ne, don haka taga tana samun damarta. Da lissafi mai nauyi yake yi, kamar sarrafa hotuna, a nan ne za ka ga taga tana jan ƙafa ko da zare, sai a koma `multiprocessing`. Python 3.13 da ya fito a Oktoban 2024 ya zo da wani nau'i na gwaji da babu GIL, amma ko a can dokar taga ba ta canza ba.

Nasiru_Gwale:
Na dawo da sabuwar matsala. Yau an ɗauke wuta, muka tada janareta muka kunna jeri ɗaya kawai, injuna 8. Abu biyu na gani. Zagaye ɗaya yana cin fiye da minti biyu kafin ya kai ƙarshe. Na biyu kuma, wanda ya fi ɗaure min kai, wasu injunan da na san a kashe suke, akwatinsu kore ne.

Issoufou_Zinder:
Na san wannan. Da lambar da ping yake dawowa da ita kake hukunci ko? A Windows, idan injin yana cikin netwok ɗinku amma a kashe, kwamfutarka ce da kanta take amsawa da Destination host unreachable, shi kuma ping yana ƙirga wannan a matsayin amsa, ya dawo da 0 kamar an yi nasara. Ka karanta rubutun da ya fitar, ka nemi `TTL=` a ciki. Wannan ba ya fitowa sai injin da ka nema ne ya amsa.

Kada kuma ka nemi Reply from. Mu nan Windows ɗinmu na Faransanci ne, Réponse de yake rubutawa. Wani ɗan'uwa daga Kano ya taɓa turo min manhajarsa, na buɗe a nan komai ya yi ja, alhali komai lafiya. TTL kuwa iri ɗaya ne a duka.

Tsohon_Injiniya:
Jinkirin kuma daga nan yake: ping na Windows idan ba ka gaya masa komai ba yana aika saƙo 4, kuma yana iya jiran kowane har daƙiƙa 4. Ka ninka da injuna 16 da ke kashe. Ka ba shi `-n 1 -w 1000`, wato saƙo ɗaya, jiran daƙiƙa ɗaya. A cikin ɗaki ɗaya injin da ke raye yana amsawa cikin ƙiftawar ido. A Linux haruffan sun bambanta, `-c 1 -W 1` ne. In kana son ƙarin sauri, `ThreadPoolExecutor` da ma'aikata 8, wato zaruruwa 8 masu raba aikin, zai gama 24 ɗin cikin kamar daƙiƙa 3 ko da duk a kashe suke, kowane ma'aikaci ya zuba sakamakonsa a layin nan guda.

Hauwa_Lafiya:
Ni ba gwana ba ce kamar ku, amma ina da abin da nake so Nasiru ya ji, domin ya faru a gabana. Ina aiki a wani ƙaramin asibiti, muna da firij na allurar rigakafi, wanda dole sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8. Ƙanena ya haɗa mana na'urar auna sanyi da tsohuwar kwamfuta, ya rubuta manhaja irin wannan, da zare da layi da komai yadda Ummi ta faɗa. Lamba tana fitowa ƙatuwa a allo, kore idan lafiya.

Wata ranar Asabar na shigo da yamma, allo yana nuna 4.6, kore shar. Na wuce. Da na dawo bayan magariba har yanzu 4.6. Wani abu ya ce min in buɗe firijin. Na sa hannu, sanyin ya ragu, na duba ma'aunin da ke rataye a ciki ya kusa 8. Ashe mai shara ta ture wayar na'urar tun da rana, zaren da ke karantawa ya ci karo da kuskure ya mutu shiru, ita kuwa taga lafiyarta ƙalau, tana ta nuna lambar ƙarshe da aka ba ta. Firijin ma filoginsa ya saki a turewar. Allah ya taimake mu muka kwashe alluran zuwa akwatin ƙanƙara a kan lokaci. Hannuna rawa yake yi a daren nan.

Tun daga ranar na gane taga mai sandarewa ta fi wannan sauƙi, domin ita kowa ya gan ta ya san akwai matsala. Yanzu a ƙarƙashin lambar akwai lokacin da aka yi awo na ƙarshe, kuma idan minti biyu suka wuce babu sabon labari, allon gaba ɗaya yana komawa ruwan toka ya rubuta "babu labari".

Tsohon_Injiniya:
Hauwa, abin da kika kawo ya fi duk abin da muka faɗa muhimmanci. Idan zare ya mutu da kuskure, Python yana rubuta bayanin a baƙar tagar buga umarni ne kawai, sauran manhaja ta ci gaba. Idan kuma an haɗa manhajar ba tare da baƙar tagar ba, babu wanda zai gani. Nasiru, ka nannaɗe cikin zagayen da `try`, idan kuskure ya faru ka zuba shi a layin shi ma, taga ta nuna. Ka riƙa haɗa kowane sakamako da lokacinsa. Taga kuma tana iya tambayar zaren da `is_alive` duk lokacin da ta zo kwashe layi. Akwai `threading.excepthook` tun Python 3.8, ka sa shi ya rubuta a fayil.

Yakubu_Jos:
Kuma duk abin da ke jira a ba shi wa'adi. Masu amfani da `requests` wajen ɗauko shafukan intanet su sani ba shi da wa'adin jira sai ka sa masa da kanka. Zaren bai mutu ba, `is_alive` zai ce yana raye, amma yana tsaye yana jiran amsar da ba za ta zo ba. Shi ya sa lokacin awo na ƙarshe da Hauwa ta faɗa ya fi tambayar ko yana raye.

Kabiru_Qt:
Ni shawarata ka bar Tkinter ka koma Qt, wani kayan gina taga ne shi ma. A can ba ka buƙatar leƙa layi kowane lokaci. Zaren bincike ya fitar da sigina, Qt da kansa ya kai ta babban zare ya kira aikin da ka haɗa. Ya fi tsari, kuma tagar ta fi kyau.

Ummi_Py:
Malam Kabiru, siginar nan ai layi ce ita ma, Qt ne ya ɓoye maka shi. Kuma yaron ya kusa gamawa, akwatuna 24 ne kawai. A ce ya sake koyon sabon abu, ya sauke kaya masu nauyi da datarsa, fayil ɗin manhajar ya kumbura? In zai sayar da ita wata rana ma sai ya kula da lasisi, domin cikin hanyoyin amfani da Qt a Python, PyQt na lasisin GPL ne ko ka biya, PySide ne na lasisin LGPL mai sassauci.

Kabiru_Qt:
Ban ce yau ba. Amma leƙa layi sau biyar a daƙiƙa alhali labari yana zuwa sau ɗaya a daƙiƙa goma, ni ɓarna nake gani.

Tsohon_Injiniya:
Leƙa layin da babu komai a ciki bai kai abin da za ka gani a ma'aunin aikin kwamfuta ba. In ya dame ka mayar da shi 500. Ido ba zai bambance ba a irin wannan aikin.

Sadiya_Android:
Wani abu ƙarami Nasiru: kada ka dogara da launi kaɗai. Akwai mutanen da ba sa bambance ja da kore, kuma ya fi yawa a maza. Yayana haka yake. Ka rubuta "tana nan" ko "ba ta amsa" a cikin akwatin.

Bello_Data:
Ni da nawa ne, `daemon=True` zan sa wa zaren in huta da maganar tuta. Ana rufe taga ya mutu.

Yakubu_Jos:
Ga ping babu laifi. Amma yanke shi ake yi a duk inda yake. Ranar da ya fara rubuta tarihin bincike a fayil, za ka iya samun layin da aka yanke a tsakiya. Ni ina haɗa biyun, tuta don rufewa cikin mutunci, `daemon` don ko ta kwana.

Nasiru_Gwale:
Ga inda nake yanzu. Na sa `-n 1 -w 1000`, ina neman TTL, na sa ma'aikata 8, na rubuta kalmomi a cikin akwatuna kamar yadda Anti Sadiya ta ce. A ƙasan taga akwai lokacin bincike na ƙarshe, kuma na gwada abin Anti Hauwa: da gangan na sa kuskure a cikin zaren, bayan minti ɗaya duk akwatunan suka koma ruwan toka. Kawu ya zauna ya zare wayar inji na 7 da hannunsa yana kallon allo, ya ga ya yi ja, ya mayar ya ga ya dawo kore, ya sake yi har sau uku.

Saura biyu. Da na haɗa ta da PyInstaller, mai mayar da ita fayil da ake buɗewa kai tsaye, ba tare da baƙar taga ba, duk daƙiƙa goma sai baƙaƙen tagogi su yi ta walƙiya a allo suna ɓacewa. Sannan inji na 15 da na 21 kullum ja ne, alhali ɗalibai suna kai suna shiga intanet.

Issoufou_Zinder:
Na farko: ka ba `subprocess` ɗin `creationflags=subprocess.CREATE_NO_WINDOW`. Kowane ping ne yake buɗe tasa tagar tunda uwar ba ta da ita.

Na biyu ina zargin katangar tsaro ta Windows, tana toshe ping mai shigowa idan ba a buɗe mata ba. A kan injunan biyu ka nemi dokar Echo Request ta ICMPv4 a ƙarƙashin File and Printer Sharing ka kunna. Ka duba kuma ko an sa netwok ɗin a matsayin na jama'a maimakon na gida.

Garba_Kod:
Ko kuma adireshinsu ne ya canza. Idan na'urar rarraba netwok ce take ba su adireshi, bayan an ɗauke wuta an dawo tana iya ba inji wata lamba daban. Kana ta buga wa tsohon adireshi. Hau inji na 15 ka buga `ipconfig` ka kwatanta da abin da ke jerinka. In haka ne, to wasu korayen ma ba injin da kake zato ba ne suke amsawa.

Af, na duba tawa manhajar kamar yadda na ce. Idan na rufe ta daidai lokacin da zaren yake rubutu, kuskuren Nasiru yana fitowa a baƙar taga, ban taɓa lura ba ne. Har yanzu ban yanke shawarar sake ta ba tunda ba ta cutar da kowa, amma na gani da idona.

Nasiru_Gwale:
Walƙiyar ta tsaya, na gode Malam Issoufou. Na 21 katangar tsaro ce, na kunna dokar ya yi kore. Na 15 kuwa adireshinsa daidai yake da na jerina, dokar ma a kunne take, kuma daga inji na 14 idan na yi masa ping yana amsawa. Daga kwamfutar kawu ce kawai ba ya amsawa. Ɗalibai sun shigo yanzu, sai an tashi ƙarfe biyu zan canza masa rami a na'urar rarrabawa in gani.

Tsohon_Injiniya:
Kafin ka taɓa waya, buga `arp -a` a kwamfutar kawun, zai nuna na'urar da ta sani a kowane adireshi, ka turo mana layin da ke ɗauke da adireshin na 15.